Kansila Wakili Ne, A Tambaye Shi Amanar Wakilci

 

Ya ku malamai da almajirai na Warra da Ngaski da Birnin Yawuri, da ku mazauna gaɓar ruwa na Yalwa da Shanga, ku sani maganata yau a kan kansiloli take, wato mutanen nan da ake zaɓa daga kowace mazaɓa su zauna majalisar ƙaramar hukuma. Muna ganinsu wurin suna, muna ganinsu wurin jana'iza, muna kiransu da sunan girma, amma kaɗan daga cikinmu suka san abin da aka aza musu, balle su tambaye su shi. Abin da nake so in tabbatar cikin wagga takarda guda ne: kansila wakili ne, kuma hukuncin wakili sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami.

Ku fara sanin asalin abin. Zamanin En'e, sarki ke naɗa hakimi, hakimi ya sa ido ga dagaci, dagaci ga mai unguwa, a tara haraji da jangali a kai baitulmali. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta sake tsarin, ta mai da ƙananan hukumomi iri guda ko'ina cikin Nijeriya. Yau adadinsu 774. Jihar Kebbi, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1991, tana da 21, an raba su mazaɓu 225. Uku daga cikin ƙananan hukumomin nan ke ƙarƙashin masarautar Yawuri, su ne Yawuri da Shanga da Ngaski, ita kuwa Ngaski a nan Warra mazauninta yake. Kowace mazaɓa tana da kansila guda. Ke nan duk Nijeriya babu zaɓaɓɓe da ya fi shi kusa da talaka. Sanata sai a rediyo, gwamna sai ran da ya zo buɗe wani aiki, amma kansila kun san gidan ubansa, kun san gonarsa, wataƙila da shi kuka ɗauki allo.

To, mene ne wakili? Ku koma babin wakalci cikin Muhtasar na Halilu, ko Tuhfa ta Ibnu Asim. Wakili shi ne wanda ka tsayar a madadinka ga wani al'amari da ya halatta a tsaya maka. Malamai sun ce amintacce ne, ba a tuhumarsa banza, matuƙar bai ƙetare iyaka ba, bai kuwa yi sakaci ba. In ya ƙetare ko ya yi sakaci, ramuwa ta hau kansa. Ba ya halatta gare shi ya nemi amfanin kansa cikin abin da aka wakilta shi, kamar wanda aka aika ya sayar da sa, ya sayar wa kansa da araha. Kuma mai wakiltawa yana da ikon tambayarsa, yana da ikon tuɓe shi. Ku aza wanga ma'auni kan kansila. Wa ya wakilta shi? Mutanen mazaɓa. Ba ciyaman ba ne, ba uban gidansa na Birnin Kebbi ba ne. Ranar da ya mance da haka ya zama bara, bara kuwa fuskar mai gidansa yake duba.

A kan me aka wakilta shi? Ni ban shiga makarantar boko ba, amma na sa an karanta mini kundin tsarin mulkin 1999, an fassara mini shi daki-daki, kamar yadda muke wa almajirai fassarar littafi. Sashe na 7 ya wajabta ƙaramar hukuma ta kasance hannun zaɓaɓɓu. Jadawali na huɗu kuma ya jera aikinta: kasuwanni, da mahauta, da tashoshin mota, da makewayin jama'a, maƙabartu da gidajen gajiyayyu, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara, rubuta haihuwa da mutuwa da aure, sa hannu cikin makarantun firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya da gyaran noma. Cikin jerin nan akwai abin da ya kamata kowane mutumin Warra ya hardace, shi ne ba da lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Majalisar kansiloli kuwa ita ke yin ƙananan dokoki a kan waɗanga abubuwa, ita ke duba kasafin kuɗi kafin a kashe, ita ke da bakin tambayar ciyaman ina kaza ya tafi.

Ku tsaya nan, ya 'yan'uwa, zama mu mutanen ruwa ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da gonaki da tsofaffin garuruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni, Gungawa da Kambari da Hausawa da sauransu. Itatuwan da ruwa ya rufe ba a sare su duka ba, kututturansu suna nan ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Hanyarmu ta kasuwa ruwa, ta zumunci ruwa, ta neman abinci ruwa. Ba wanda ya mance ranar Laraba 26 ga watan Mayu na 2021, mako biyu bayan ƙaramar salla, da jirgi ya taso daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150, ya tsage cikin ruwa kusa da Warra. Waɗanda suka tsira kamar 20 ne. Kwana da kwanaki ana tsamo gawa, mata da ƙananan yara cikinsu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta sauke wa kowa nauyin da aka aza masa. Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya ambata cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa yana daga aikin muhtasibi ya hana masu jirage ɗaukar abin da jirgi ba ya iyawa, ya kuma hana su tashi in iska ta tsananta. Ku duba, kusan shekara dubu ke nan da malamanmu suka rubuta wanga hukunci. Wa ke tsaye matsayin muhtasibi yau a mashigar Warra? Ba ina cewa wani kansila ne ya nutsar da jirgin nan ba, Allah Ya kiyaye harshena daga zalunci. Abin da nake cewa, majalisa tana da ikon ta yi doka: kowane jirgi a rubuta masa adadin da zai ɗauka, a sa mutum amintacce a mashiga yana ƙidaya, a rubuta sunan duk wanda ya shiga, a hana tashi bayan magariba, a hana tashi in hadari ya haɗu, a zauna da Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirage a yarda a kan tarar wanda ya saɓa. Wanga ba ya bukatar miliyoyi. Littafi ne da alƙalami da mutum mai tsoron Allah.

In wani ya ce: ai manyan jiragen inji suna hannun hukumar ruwa ta tarayya, NIWA, kuma akwai HYPPADEC da aka kafa don garuruwan da madatsai suka shafa, sai mu ce masa: gaskiya ne, amma ma'aikatansu ba su kwana kowace mashiga. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Wa zai rubuta musu cewa kututture kaza yana wuri kaza, rigunan ruwa da aka raba sun ƙare ko an ɓoye su? Wa zai bi takardar har a amsa? Wanda aka zaɓa don ya zama bakin jama'a.

In wani ya ce: kansila ba shi da ko anini, kuɗi suna can sama, sai mu ce masa: wagga ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma akwai gaskiya cikinta. Rabon ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya ɗan haura kashi 20 cikin 100, amma shekara da shekaru yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya iso ƙasa sai wanda aka ga dama. Ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan kuɗin nan kai tsaye ga ƙananan hukumomi, ta kuma ce bai halatta gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi ba. Mun sani hukunci a takarda daban, zartar da shi daban. Amma haƙƙin da ba a nema ba ya zuwa da ƙafarsa, kuma kansila ya fi kowa cancantar nemansa. Sa'an nan akwai kuɗin da ba su zuwa daga Abuja: na rumfar kasuwa, na tasha, na mahauta, na kifi da dabbobi. Waɗanga daga aljihunmu suke fita kowace ranar kasuwa. Nawa aka tara? Cikin wane littafi aka rubuta? Me aka gyara da su? Kansilan da bai san amsar wanga ba, me yake yi a majalisa?

In wani ya ce: ai ba mu muka zaɓe su ba, sai mu ce masa: mun ji. A zaɓen 31 ga watan Agusta na 2024 jam'iyya guda ta kwashe kujerun ciyaman 21 da na kansila 225 duka, kuma haka ake yi a yawancin jihohi, kowace jam'iyya ke riƙe da gwamna ita ke lashe komai. Ba wata jam'iyya nake zargi ban da wata ba, cutar ta game. Amma ku sani, wanda ya hau kujera ya yi rantsuwa ya karɓi albashi da sunan mazaɓa, amana ta hau wuyansa ko ta wace ƙofa ya shigo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yanzu in juyo kanmu, zama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me muke tambayar kansila? Ragon suna, kuɗin magani, buhun shinkafa na azumi, man babur. Tun da asuba zaurensa cike, kowa da tasa bukata, ba mai zancen rijiyar unguwa ko rufin makaranta. Albashinsa ba ya isar ko goma daga cikinmu. Daga ina zai cike sauran? Sai ya rusuna wa wanda ke riƙe da jaka, ya sa hannu ga takardar da bai karanta ba, ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana. Mu muka tura shi, kana mu koma gefe muna cewa ɓarawo. Mu malamai laifinmu ya fi nauyi, in muka karɓi goron addu'a muka yi shiru. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi don ya rarrabe mulkin adalci da na zalunci. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don masu riƙon jama'a su san iyakarsu. Tun gabaninsu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha. Su sun faɗa wa sarakuna, mu za mu kasa faɗa wa ɗan unguwarmu?

Don haka ga shawarata, abu biyar. Na farko, kowane kansila ya tara mutanen mazaɓarsa sau huɗu a shekara, a fili, gaban mai gari da liman, ya faɗi sau nawa majalisa ta zauna, me ya kai, me aka amsa. Na biyu, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, da boko da ajami, a manna ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, don wanda ya yi karatun allo shi ma ya karanta da idonsa. Na uku, kansilolin gaɓar ruwa na Ngaski da Yawuri da Shanga su haɗa baki a kan dokar mashiga guda, zama jirgi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Na huɗu, mu daina kai masa bukatar cikinmu, mu kai masa ta gari. Wanda ke da larura ta gaskiya, zakka da taimakon 'yan'uwa ba su ƙare ba. Na biyar, in zaɓe ya zo, kada mu sayar da wakilci da sabulu da turmin atamfa. Ku duba wanda kuka taɓa ba ajiya ya mayar, wanda ya iya karanta takarda, wanda ba ya tsoron ya ce a'a.

Ku kuwa kansiloli, ba gaba nake da ku ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cikinku akwai masu kirki da ke son yin aiki, ba su sami mai tsaya musu ba. In jama'a ta tambaye ku a fili, ƙarfi ta ba ku gaban na sama, ku ce mutanena sun matsa mini. Ku tuna kujerar nan ta 'yan shekaru ce. Ran da kuka sauka, garin nan za ku zauna, kasuwar nan za ku ci, jirgin nan 'ya'yanku za su shiga, maƙabartar nan da aka ce ku kula da ita can za a kai ku. Bayan nan kuma akwai tambayar da ba a aika wakili.

Ku almajirai, wanda ya karanta wagga takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da mashiga da rumfar kasuwa. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa, Ya sa mu zama talakawa masu faɗin gaskiya, Ya kiyaye masu tafiya bisa ruwa da bisa tudu. Haza wasalamu.