Ribar tiriliyan a Legas, manomin Tudun Wada na neman bashin taki

Jama'a, duk lokacin da bankuna suka fitar da rahoton ribarsu sai ka ga wasu 'yan uwanmu sun cika Facebook da murna, wai ga shaida tattalin arziki ya farfaɗo, wai kasuwar hannayen jari ta Legas sai hawa take yi. To, kafin mu yi tafi, mu tambaya: ribar nan daga ina ta fito?

A rahoton shekarar 2024 Zenith da GTCO kowannensu ya bayyana ribar da ta haura naira tiriliyan 1 bayan cire haraji. Ba laifi ba ne kamfani ya samu, amma mu bi sawun kuɗin. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, ta faɗi warwas. Bankin da ke riƙe da dala ya kwana ya tashi dukiyarsa ta ninka a takarda, bai ba kowa rance ba. Faɗuwar nan da ta sa buhun taki ya gagari manomin masara a Doguwa, ita ce ta cika musu aljihu. Ita kanta gwamnati ta san haka, shi ya sa a 2024 majalisa ta amince da harajin kashi 70 a kan ribar canjin.

Sai kuɗin ruwa. Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Banki zai sayi takardun bashin gwamnati ya kwanta ya yi barcinsa. Me zai kai shi wurin matar da ke turara shinkafa a Tudun Wada, ko mai noman rani a gefen dam ɗin Tiga? Noma ya kai wajen kashi ɗaya bisa huɗu na arzikin ƙasar nan, amma rabonsa a rancen bankuna ko kashi 10 cikin 100 bai kai ba. Abin da ke zuwa mana kullum shi ne cire-cire: kuɗin saƙo, kuɗin kati, kuɗin tura kuɗi, sannan mai POS a Kwanar Dangora ya yanki nasa. Ku ƙirga rassan banki da ke Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ku kwatanta da na titin Murtala Muhammad kaɗai a cikin Kano.

Ɓangaren inshora ma haka. A watan Agustan 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta ɗaga jarin kamfanonin, hannun jarinsu ya yi tashin gwauron zabi. Madalla. Amma duk harkar inshora a Najeriya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki ba. Wadda talaka ya sani ita ce takardar mota, da aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, yana yankarta ne don gudun 'yan sanda. Hukumar inshorar noma ta NAIC fa, manoma nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa ganin jami'inta bayan ruwa ya cinye musu gona? Kada a laɓe da cewa mutanenmu na ƙyamar inshora saboda addini. Akwai takaful, kamar yadda akwai bankin Jaiz tun 2012. Ba a kawo kayan kasuwarmu ba, sannan a ce mun ƙi saye.

Wasu za su ce ai banki mai ƙarfi shi ne rufin asirin mai ajiya. Gaskiya ne, waɗanda kuɗinsu ya maƙale a Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 sun fi kowa sani. Amma mun ga irin wannan rawar. A 2005 an ƙara wa bankuna jari, guda 89 suka koma 25, Bank of the North namu na Kano ya narke cikin Unity. Hannun jari ya yi ta hawa, 2008 ya rikito, 2009 Sanusi Lamido ya kori shugabannin wasu bankunan. Farashi a allon kasuwa ba ya nuna lafiyar banki, balle ta ƙasa.

A Maris 2024 aka sake umartar manyan bankuna su tara jarin naira biliyan 500, suka bazama sayar wa jama'a hannun jari. To ga buƙatarmu, kuma 'yan majalisarmu na Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, ku ne da alhakin kai ta Abuja: Babban Banki ya tilasta wa kowane banki ya riƙa wallafa nawa ya karɓa ajiya a kowace ƙaramar hukuma, nawa kuma ya mayar mata rance. Kamfanonin inshora su ma su faɗi diyyar da suka biya, jiha-jiha. Idan alƙaluman sun wanke su, wallahi mu ne za mu fara yaba musu. Kafin nan, duk wanda ya sake ɗora hoton ribar tiriliyan, ku tambaye shi a ina manomin garinsu ya samo kuɗin takin bana.

Allah Ya sa mu gane.