Mahalbi, gwada harsashinka kafin ka shiga daji

Yau maganarmu bisa harsashi take. Manomi ba ya zuba sabon iri cikin gonarsa duka sai ya gwada shi a gefe guda ya ga kamunsa. Amma sai ka ga mahalbi ya sayi harsashin da bai san halinsa ba, ya ɗura shi a bindiga, wurin gwajinsa na farko kuwa shi ne jikin dabba mai rai. A ganinmu wannan ganganci ne, kuma ba mahalbin kaɗai yake cuta ba.

Ga matsakaitan namun daji, irin su gada, barewa da mugun dawa, aiki biyu ake nema ga harsashi. Ya ratsa fata da ƙashi har ya kai ga huhu ko zuciya, kuma kansa ya buɗe ya yi faɗi don dabbar ta faɗi nan kusa. In ya cika tauri sai ya wuce kamar allura, dabba ta ruga da raunin, ta je ta mutu cikin sarƙaƙiya bayan kwana biyu, ta zama mushe. In ya cika taushi sai ya tarwatse bisa kafaɗa, ya yi babban rauni marar zurfi, ya ɓata nama. Mugun dawa mai rauni kuwa, mahalba sun san abin da haurensa yake yi wa kare, har da mai karen.

Masu ƙera harsashi a Turai da Amurka suna gwajinsu cikin wani abu mai kama da daskararren romon ƙafar saniya, wanda taurinsa ya yi kusa da na tsoka. Mu ba mu da shi, amma muna da tsofaffin bido. A samu huɗu ko biyar waɗanda suka gama aiki, a cika su da ruwa, a jera ɗaya bayan ɗaya bisa tsohuwar leda ko zane mai faɗi. Wurin ya zama nesa da gari da burtali, bayansa akwai tudun rairayi, babu dutse, kuma a tabbata babu yaro ko dabba a wajen. Sai a tsaya daidai nisan da aka saba halbi, metir 50 ko 100, a halbi bidon farko a tsakiya.

Daga nan sai duba. Bido nawa ya huda? Kansa ya buɗe kamar laima, ko yana nan yadda yake, ko ya rabu da ɓawonsa? A tsince shi a kai wa maƙerin zinariya ya ɗora bisa ma'auninsa. Nauyinsa na asali yana rubuce jikin kwali; wanda aka rubuta wa 150, nauyinsa ya kusa garam 10. Halbi ɗaya ba ya isa shaida, a yi uku. Kuma a sani ruwa ba nama ba ne, ya kan buɗe harsashi fiye da yadda tsoka za ta yi. Amfanin gwajin shi ne a gwama iri biyu a ga wanda ya fi.

To, a wurin awon nan ne babbar maganar take. Harsashi mai dalma a ciki ya kan rasa wani kaso mai yawa na nauyinsa, sau da yawa kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Wanda ya tsiyaye ruwan a hankali zai ga abin da ya ɓace kwance bisa ledar, ƙananan ɓarɓashi kamar tsakin gero, wasu ma sun fi gari laushi. A jikin dabba, cikin nama suke tsayawa. A shekarar 2009 masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton radiyo na barewar ƙasarsu guda 30 da aka halbe da irin wannan harsashi. Babu ko ɗaya da ba a ga ɓarɓashin ƙarfe a jikinta ba, wata ma fiye da guda 400, kuma wasu sun yi nisan santimetir 45 da juna. Da aka niƙa naman aka ba aladu, cikin kwana biyu dalma ta hau cikin jininsu.

Mu a nan ba sai an gaya mana muguntar dalma ba. A 2010, a Zamfara, maƙwabtanmu na kudu da Maraɗi, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje. Gaskiya ne, abin da ke cikin tsokar gada bai kai wannan yawa ba, ba kuma zai kashe yaro rana ɗaya ba. Amma lokotoro sun ce ga yaro ƙarami babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba komi. Tana taruwa a jiki, tana rage kaifin hankali, kuma mai ciki tana ba abin da ke cikinta. Dahuwa ba ta kawar da ita. Tsami ma ƙara narkar da ita yake yi.

Akwai kuma ungulu. Kayan cikin da mahalbi ya zubar a daji ita ke cinye su, da dalmar da ke ciki. Wani bincike da aka fitar a 2018 a ƙasar Botsuwana ya tarar kusan ɗaya cikin uku na ungulayen da aka auna suna da dalma da yawa cikin jini, abin kuma ya fi tsanani lokacin farauta. Tsofaffi sun san yadda ungulu ta cika mahautanmu da, sun kuma ga yadda ta ragu. Makiyayi ya fi kowa sanin amfaninta, don ita ke share mushe kafin cuta ta bi garke.

Saboda haka ne muke ganin mai bindigar zamani, in da hali, ya koma ga harsashin jan ƙarfe zalla. A gwajin ruwa kansa ya kan buɗe gida huɗu ko fiye, ya fito da kusan dukan nauyinsa, kuma ya fi ratsawa. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, ƙasar Danmak ta hana shi ga manyan bindigogin farauta a 2024, mahalbansu kuwa ba su bar cin nama ba.

Wani zai ce wannan maganar masu kuɗɗi ce. Yana da gaskiyarsa. Harsashin jan ƙarfe ya fi tsada, samunsa da wuya, kuma sai da gudu mai ƙarfi yake buɗewa, in nisa ya yi yawa sai ya wuce a rufe. Mafi yawan mahalbanmu kuma adaka gare su, ko bindiga mai watsa ƙananan harsasai. Amma ai su gwajin ya fi kama. Mai adaka ya kafa babban kwali ya halba daga taki 20, sa'an nan daga taki 40, ya ga inda abin da ya ɗura yake sauka. Da yawa za su tarar guntayen ƙarfen da ba su da siffa ɗaya kowane hanyarsa yake bi, kuma nisan da suke taƙama da shi ya wuce ƙarfin bindigarsu. Wanda ya ga haka da idonsa zai riƙa matsawa kusa, ko ya bar dabbar ta wuce.

Wanda kuma ba shi da abin halbi sai dalma, ya yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi ya binne, tare da kayan ciki. Kada ya ce asara ce ya jefa wa kare ko ya sa a miya. Naman da aka halbe da dalma a rage ba ƙananan yara da mata masu ciki. Narka dalmar tsohon batir cikin gida, kusa da murhu da tukwanen abinci, wannan kam a bar shi sam.

Kada a manta, namun dajinmu ba su da yawa kamar da. Dokar 1998 ta tsara farauta a Nijar: sai da takardar izni, sai lokacin da hukuma ta buɗe, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa, da wuraren da aka keɓe kamar gandun Gadabeji. Kafin a ɗauki bindiga a tambayi ma'aikatan gandun daji abin da aka yarda a halba. Dabbar da ta gudu da rauni ba ta shiga lissafin kowa, amma daji ya rasa ta, mahalbin kuma zai je ya halbi wata a madadinta.

Muna kira ga sarakunan baka su tsai da rana guda kafin buɗe farauta, su tara mutanensu bayan gari tare da ma'aikacin gandun daji. Kowa ya zo da bindigarsa da harsashi uku, a haɗa tsofaffin bido, a gayyato maƙeri da ma'auninsa.