Izinin Kisa: Wa Ya Ba James Bond, Kuma Wa Ya Ba 'Ya'yanmu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan uwa mai karatu, kwanakin baya na tsaya a wata rumfar masu tura fina-finai a waya a nan cikin garin Zuru, ina jiran a yi mini cajin wayata, sai na ji samari suna gardama har da ɗaga jijiyar wuya. Ba a kan karatu ba, ba a kan noma ba. Gardamar ita ce wa ya dace a ba matsayin James Bond a sabon fim ɗin da ake shiryawa. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai fi shekara sha shida ba, ya lissafo 'yan wasan tun daga Sean Connery har zuwa Daniel Craig bai yi tuntuɓe ba. Na tambaye shi ko ya san Huzaifa ɗan Yamani. Ya ce wane fim ya fito?

Ga wanda bai sani ba, wannan Bond ba mutum ba ne na haƙiƙa. Wani Baturen Ingila ne mai suna Ian Fleming, wanda ya yi aikin leƙen asiri a rundunar ruwan ƙasarsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙago shi a littafi a shekarar 1953. Fim na farko, Dr. No, ya fito a 1962. Na 25, No Time to Die, ya fito a 2021, kuma a ƙarshensa aka nuna ya mutu. Amma mutuwar da ke hana riba ba ta karɓuwa ga 'yan jari-hujja. Kamfanin Amazon ya sayi kamfanin MGM a 2022 a kan kusan dala biliyan 8.5, a 2025 kuma ya karɓi ragamar shirya fina-finan, aka sanar cewa Denis Villeneuve ne zai ba da umurni a na gaba. Wato za a tono gawar a sake sa mata kwat.

Na san abin da mai karatu yake tsammanin zan ce: giya, caca, tsiraici da zina. Gaskiya ne, duk suna ciki, ba ma a ɓoye su, kuma hukuncinsu a Shari'a yaron Islamiyya ma ya sani. Ba zan ɓata tawada a kan wannan ba. Akwai dafin da ya fi waɗannan ɓuya, kuma shi ne malamanmu masu wa'azi ba su cika taɓowa ba, domin da yawa suna tsayawa ga cewa silima haramun ce ba tare da sun san abin da ake karantarwa a cikinta ba.

Lambar da ake kiran wannan mutum da ita ita ce 007. A cikin tatsuniyar, sifili biyun nan na farko ma'anarsu ita ce gwamnatinsa ta ba shi izinin kisa. Ba alƙali, ba shaidu, ba tuhuma, ba kare kai. Shi ne mai zargi, shi ne mai hukunci, shi ne hauni. Yana shiga ƙasar mutane yadda ya ga dama, ya harbe wanda ya ga dama, ya gyara wuyan rigarsa, ya yi barkwanci a kan gawa, 'yan kallo su tafa. A fim ɗin Casino Royale na 2006 an nuna shi ya kutsa ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka ta ƙage, ya harbe mutumin da ba ya riƙe da makami, ya tayar da wuta a wurin, ya fice. Ƙasashenmu a idon waɗannan mutane fage ne kawai na tsere da harbi, mutanenmu kuwa 'yan cika wuri ne da mota ke watsa wa kayan tallansu.

Wani zai ce, ai Malam fim ne kawai. To in fim ne kawai, me ya sa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012 Sarauniya Elizabeth da kanta ta yarda aka ɗauke ta hoto tare da mai fitowa a matsayin Bond? Su sun san darajar abin a wurinsu. Hukumar da ake cewa yana yi wa aiki, MI6, tana nan da ginin ta a bakin kogin Tems, kuma tarihinta a ƙasashen Musulmi a rubuce yake. A shekarar da littafin farko ya fito, 1953, ita da takwararta ta Amurka, CIA, suka kifar da gwamnatin Muhammad Musaddik a Iran, laifinsa shi ne ya ƙwace man fetur ɗin ƙasarsa daga hannun kamfanin Ingila. A 2004 aka kama Abdulhakim Bilhaj da matarsa tana da ciki a Bankok, aka miƙa su ga gwamnatin Gaddafi. Takardun da aka tsinta a Tarabulus a 2011 suka tona hannun jami'an Ingila a ciki, har sai da Firayim Minista Theresa May ta nemi gafararsu a rubuce a 2018. Wannan ba ya fitowa a majigi. Abin da ke fitowa shi ne kyakkyawan saurayi mai ceton duniya. Kuma ku lura da yadda suke jujjuya mu: a fim ɗin 1987 mujahidan Afganistan abokan Bond ne, jarumai ne a kan dawakai, domin a lokacin Rasha suke yaƙa. Da buƙata ta ƙare kowa ya ga sunan da aka koma kiransu.

Kada wani ya fahimci cewa Musulunci bai san leƙen asirin maƙiya ba. Ya sani sarai, amma da linzami. A daren yaƙin Ahzab, shekara ta 5 bayan Hijira, cikin sanyi da iska da yunwa, Manzon Allah (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yamani ya shiga sansanin Ƙuraishawa ya kawo labari, ya kuma gargaɗe shi kada ya tayar da komai. Huzaifa ya je ya tarar da Abu Sufyan, shugaban rundunar da ta zo shafe Madina, yana jin ɗumin wuta. Ya ɗora kibiya a baka. Sai ya tuna umurnin da aka yi masa, ya sauke, ya koma da labari kawai. Imam Muslim ya ruwaito wannan. Da marubutan Bond ne, da a nan za a saki kibiyar a buga kiɗa. Abu Sufyan ɗin nan kuwa bayan shekara uku ya musulunta.

Haka nan da aka kama wasiƙar Haɗib ɗan Abi Balta'a zuwa ga mutanen Makka tana tona shirin Musulmi, Umar (RA) ya nemi izinin sare wuyansa, Annabi (SAW) bai ba shi ba. Ya kira Haɗib ya saurari uzurinsa tukuna. Da Usama ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, yana zaton tsoron takobi ne, an yi masa faɗan da ya sa ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Suratul Isra'i aya ta 33 ta haramta kashe rai sai da haƙƙi, Suratul Hujurat aya ta 12 ta haɗa hani ga yawan zato da hani ga bin diddigin asirin mutane wuri guda. Malamai sun tabbatar cewa zartar da haddi da ƙisasi aikin shugaba ne da alƙalinsa bayan hujja ta tabbata.

Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne inda muke zaune. Ƙasar Zuru ƙasar mazaje ce, da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan soja ko tsohon soja ba, kuma yaranmu suna tasowa da sha'awar kaki. Sa'an nan ga musibar 'yan bindiga da ta addabi Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60. A Nuwamban 2025 an shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zukata sun cika da fushi, kuma fushin yana da dalili. Kare kai da iyali halal ne, mai mutuwa a kansa shahidi ne. Amma a irin wannan yanayi ne kalmar "infoma" take zama takobi. Mutum ya yi saɓani da maƙwabcinsa a kan gona ko bashi, ya nuna shi da yatsa a kasuwa, kafin a ce kwabo an gama da shi, ba wanda ya tambayi hujja. Wani laifinsa kawai harshen da yake magana da shi ne. Yaron da ya kwana yana kallon gwarzon da ke kisa bisa zato ana yi masa tafi, gobe aka ba shi bindigar gargajiya aka ce ya tsare ƙauye, wane darasi kuke zaton zai tuna, na Huzaifa ko na 007?

Ba ni da iko a kan Amazon, ku ma ba ku da shi. Fim ɗin zai fito, kuma a cikin mako guda zai iso rumfunan turi na Zuru a kan kuɗin da bai kai na kwanon koko ba. Abin da ke hannunmu shi ne gidajenmu da makarantunmu. Ina kira ga shugabannin makarantun Islamiyya na rassanmu da su mayar da darasin Sira cikin jadawali na kowane mako, domin a wurare da yawa an bar shi sai in lokaci ya ragu. Ina kira ga limamanmu na Juma'a a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar nan da su keɓe huɗuba guda a kan haramcin jini da sharuɗɗan shaida, su kuma gayyaci shugabannin 'yan sa-kai su zauna a sahun gaba. Masu rumfunan turi kuwa, da yawansu ɗalibanmu ne na karatun dare, a same su a yi musu magana cikin hikima, ba a bainar jama'a ba.

Shi kuwa yaron da ya tambaye ni wane fim Huzaifa ya fito, na ba shi labarin a tsaye a bakin rumfar. Da na kai inda aka sauke kibiya sai ya ce, "Kai Malam, ai ya yi asara." Na ce ya zo masallaci bayan Magariba mu ƙarasa. Ranar bai zo ba.