Walda a Kwarbai: Ba kowace waya ce ke aiki ba tare da gas ba

A Kwarbai, kamar sauran unguwannin birnin Zariya, mai walda a bakin titi yake aikinsa, ƙofofi da tagogi da ƙafafun tankin ruwa na jingine a bango. Shekara da shekaru sandar walda, musamman E6013, ita ce abin aikinsa. Rufin da ke jikinta idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi da ɓawon da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, don haka ba ta neman tukunyar gas.

Yanzu ƙananan injinan MIG masu amfani da naɗin waya sun fara samuwa, kuma nan gizo ke saƙar, domin ana ɗauka waya waya ce.

Waya mai launin jan ƙarfe, irin ER70S-6, babu komai a cikinta sai ƙarfe. Dole sai da gas: ko dai CO2 zalla, wanda ya fi araha kuma ya fi ratsa ƙarfe amma da yawan tartsatsi, ko gaurayen agon kashi 75 da CO2 kashi 25, wanda ya fi tsabta a kan siririn faranti. Idan aka ƙona ta babu gas, iska na shiga cikin narkakken ƙarfen ta bar ƙananan ramuka kamar soso. A goge da giranda, a shafa fenti, mai kaya ya biya yana godiya. Wannan ba dabara ba ce, ha'inci ne, ko da jahilci ne ya kawo shi.

Akwai kuma waya mai hoda a cikinta. E71T-11 tana kare kanta, ba ruwanta da gas, sai dai tana buƙatar a sauya igiyoyin wutar injin, bindigar ta koma ɓangaren negatif. Amma 'yar uwarta E71T-1, duk da hodar, sai da gas. Lamba ɗaya ce ta raba su a rubuce. Alminiyam kuwa, da waya irin ER4043, agon zalla yake so.

Abin da dillali ba ya cika faɗa shi ne, ko an sayi gas ɗin, iska tana kwashe shi kafin ya yi aikinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, mai walda a fili yana iya ƙarar da tukunya guda ya kuma samu ramukan nan. Ga wanda ba shi da shago mai rufi ko abin tare iska, E71T-11 ko tsohuwar sandarsa sun fi masa, komai ƙyallin sabon inji.

Mai gida ma da nasa. Tankin lita 1,000 idan ya cika, ruwan kaɗai tan guda ne, kuma a gidajen cikin ganuwa sau da yawa a tsakar gida ake ɗora shi, inda yara ke wasa, mata ke girki. Kafin a shafa wa ƙafafunsa fenti, ya nemi ganin haɗin da idonsa, ya karanta lambar da ke jikin naɗin wayar, idan kuma ER70S-6 ce, ya tambaya ina tukunyar gas take.