Ɗakin waƙa na Japon, inda mai mummunar murya yake shan tafi

Ƙarfe goma na dare a unguwar Shinjuku ta birnin Tokyo, an gama cin abinci, amma hira ba ta ƙare ba. Abokai shida, ma'aikatan buro ɗaya, sukan hau bene, su kama ɗaki na sa'a biyu, kowa ya biya rabonsa. Ɗakin ƙarami ne: kujeru masu taushi a jikin bango, tebur a tsakiya, babban talabijin, makurofo biyu, da tarho na kiran masu kawo abin sha, walau giya ko shayi. Da zarar an rufe ƙofa, babu sauran baƙon ido. Wannan shi ne ɗakin karaoke.

Kalmar ta Japananci ce. «Kara» na nufin fanko, «oke» kuma guntun sunan ƙungiyar makaɗa ne. Ke nan kiɗa ne wanda aka cire muryar mawaƙi daga cikinsa, aka bar gurbin ga duk mai so. Baitoci suna fitowa a rubuce bisa talabijin, suna canza launi daidai lokacin da ya kamata a furta su.

A shekarar 1967 wani mai kamfanin haɗa kayan lantarki a Tokyo, Shigeichi Negishi, ya ƙera na'urar farko irin wannan; ya rasu a 2024 yana da shekara 100. A 1971 kuma wani makaɗin ganga a birnin Kobe, Daisuke Inoue, ya ƙera tasa, ya ba mashaya haya, ana jefa yen 100 domin ta yi kiɗa. Cikinsu babu wanda ya nemi takardar mallakar wannan fasaha, saboda haka dukiyar da ta haifar ta tafi aljihun waɗansu.

Da farko a mashaya ake rerawa, gaban wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Sai a tsakiyar shekarun 1980, a jihar Okayama, aka mayar da manyan akwatunan ɗaukar kaya zuwa ɗakuna masu ƙofa. Wannan ƙofa ita ce ta canza komai. Mata, ɗalibai da tsofaffi waɗanda ba su shiga mashaya suka samu wuri. A 1991 al'adar ta ƙetara teku zuwa birnin Busan na Koriya ta Kudu, inda ake kiran wurin «noraebang», wato ɗakin waƙa.

To, me ake saye a wannan ɗaki? Ba murya ba ce, domin na'ura ba ta gyara maƙogwaro. Abin da ake saye shi ne izinin yin kuskure gaban abokai. Japanawa mutane ne masu kunya da girmama na gaba. Ƙaramin ma'aikaci yakan wuni yana sunkuyar da kai ga shugabansa. Amma a cikin ɗakin nan shugaba zai kama makurofo, muryarsa ta karye a tsakiyar baiti, a yi dariya tare da shi, a tafa masa. Bayansa yaron buro ya karɓa, shi ma a tafa masa. Wanda ya ga rauninka bai tona ba, gobe ba za ka ji nauyin kai masa kukanka ba.

Wurin yana da ladubbansa, ko da ba a rubuta su ba. Ba a jera waƙa biyu alhali wani bai yi ko ɗaya ba. Ba a maimaita waƙar da aboki ya riga ya rera. Ba a duƙufa kan wayar hannu lokacin da wani yake tsaye yana fama da baiti. Sauraro bashi ne: wanda aka saurara, dole ya saurari wani. Na'urorin yau suna ba mawaƙi maki bisa ɗari, amma mai hankali ya san ba makin ne ya tara su ba. Minti goma kafin lokaci ya cika, tarho yakan yi ƙara, a tambaye su ko za su ƙara. Idan jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce, wajen tsakar dare, waɗansu sukan zauna har na farko ya taso da asuba.

Inda haƙuri ya ƙare kuwa, waƙa takan zama fitina. A ƙasar Filipin, inda aka fi rerawa a fili gaban baƙi, jaridar New York Times ta ba da labari a 2010 cewa an kashe aƙalla mutum shida cikin shekara goma a rigingimun da suka tashi kan waƙar «My Way» ta Frank Sinatra, har waɗansu mashaya suka cire ta daga na'urorinsu. Shi ya sa lambar Ig Nobel ta zaman lafiya, wadda aka ba Inoue a 2004, ko da yake ta barkwanci ce, dalilinta ba wasa ba ne: an ce ya buɗe wa mutane sabuwar hanyar koyon haƙuri da juna.

Sai dai zamani ya zo da wani salo. A 2011 aka buɗe a Tokyo gidan karaoke mai ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya tak, inda mai waƙa yake jin muryarsa shi kaɗai. Shekara goma bayan haka, a 2021, gwamnatin Japon ta naɗa ministan da zai kula da matsalar kaɗaici. Mai rerawa shi kaɗai ya huta da jiran layi, ya huta da jure muryar wani. Amma idan ya kai ƙarshen waƙa, babu mai tafa masa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abokai shida da suka fito da asuba, murya a dishe, aljihu ya yi sauƙi, sun saɓa kan zaɓin waƙa fiye da sau ɗaya a daren, kuma mako mai zuwa za su sake kama ɗaki tare.