Sakado a baya ba shi ne shirin tafiya ba

Yau ba ta mikro za mu yi wannan magana ba. Rubutawa za mu yi, don wanda ya ji haushi ya samu ya sake karantawa in ya huce.

Akwai takarda guda da mu ƴan rediyo ba mu son gani bisa tebur, ita ce sanarwar cigiya. Satin da ya wuce wata tsohuwa ta zo mana da ita, ta kwance bakin zane ta biya kuɗin sanarwa. Ɗanta ya bar gida wata bakwai ke nan. Muka ce, "Inna, ina ya nufa?" Ta ce, "An dai ce Arewa." Aljeriya ko Libiya? Ba ta sani ba. Da wa ya tafi? Ba ta sani ba. Motar wa ya shiga? Ta ce, "Ƴaƴana, ni dai da asuba na ishe ɗakin wayam, har sabon sakadon nan da ya saya babu shi." Muka karanta sanarwar sau uku kamar yadda ta biya. Amma tsakaninmu da Allah, mi muka karanta? Suna, da tsawo, da launin riga. Hoton da ke hannunta ma na lokacin da yake lakwal ne.

Kar wani ya ce mun zo hana tafiya. Mu ba mu cikin masu cewa kowa ya zauna gida. Wanda ya girma Tawa ko Kance ya san gidaje nawa aka gina da kuɗin bida, buhun hatsi nawa aka saya da kuɗin Abijan, na Legas da na Tiripoli a shekarar da damina ta ƙi. Mutumin da gonarsa ba ta ciyar da shi wata shida ba, ba ka da bakin ce masa ya zauna. Faɗanmu da wani abu ne daban: tafiyar sata. Ka saɓa jaka da dare ba takarda, ba labarin hanya, ba wanda ya san inda ka dosa, sannan ka kira wannan jarumtaka. Ba jarumtaka ba ce, ganganci ne, kuma wanda ke biyan kuɗinsa sau da yawa ba matafiyin ba ne, uwarsa ce.

Ku dubi yadda muke shirya biki. Wata uku ana lissafi: anko, kujeru, shinkafa, mai ɗaukar hoto. Bikin wuni biyu ke nan. Amma tafiyar shekara biyu a ƙasar da ba ka jin harshenta, a fada ake yanke ta tsakanin kofin shayi na biyu da na uku. A buɗe sakadon saurayi a tasha a gani: caja, abin sauraren kiɗa, wando uku, turare. Jakar ta cika, shirin babu.

Wai mu jikokin matafiya ne. Gaskiya ne. To amma kakannin namu haka suka yi tafiya? Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro wata da watanni suke yi a hanya, kuma ba su tashi sai da madugu wanda ya san kowane zango da sarkin da za a biya, da jagaba a gaba. Kowa ya san gidan da zai sauka. Ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, jira yake sai zafi ya sauka bayan damina, ya ɗaura hatsi da salkar ruwa har da ciyawar da raƙumi zai ci zuwa da dawowa. Gari duka ya san ranar tashinsu. Su ba su da waya, amma suna da lissafi. Mu ga waya mai tsada, lissafin ne ya ɓace.

Ga wanda ya manta, mu tuna masa. A watan Oktoba na 2013, a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, aka tsinci gawar mutum 92: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen Kance ne, ƴan'uwanmu. Ba bindiga ta kashe su ba. Motoci suka lalace, ruwa ya ƙare. Ƙasa ta yi zaman makoki, mu ma muka sa karatun Alƙur'ani a gidajen rediyo. Daga nan fa? Mi ya sake a yadda muke barin gida?

Sannan kowa ya ji labarin Asamaka. Waɗanda Aljeriya ta koro, ana sauke da yawansu a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso garin. Da yawa suna isowa ba waya, ba kuɗi, ba jakar ma. A nan ne ake gane wanda ya shirya. Ka tambayi saurayi lambar wayar babansa, ya ce tana cikin salula, salular kuwa an karɓe. Lamba takwas ce fa. Wanda ya iya haddace sunan ƴan ƙwallon Real Madrid har da na benci, lamba takwas ta gagare shi?

To mine ne shirin? Ba wani abin Turawa ba ne.

Na farko, takarda. Katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, fasfo ga mai nisa. A ɗauki hotonsu a bar wa na gida, a naɗe na hannu cikin leda a jiki, ba cikin jaka ba. Kuma a san zamani ya sake. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita daga CEDEAO, aka shigo da fasfon AES. A lokacin CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardunmu masu tambarinta har sai an sanar da wani abu. Magana irin wannan tana iya sakewa, don haka a tambaya kafin a tashi, ba a bakin iyaka ba. Aljeriya da Libiya kuwa ba su cikin wannan, ba su cikin wancan. Katinka na ɗan ƙasa ba ya ba ka izinin zama a can. Ka san haka tun kana gida.

Na biyu, karnen rigakafin shawara, wannan mai launin ɗorawa. Ƙasashen bakin teku suna tambayarsa. Allurar sai ta kwana 10 kafin takardar ta fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rayuwa. Amma mi wasu ke yi? Su sayi karne a tasha ba allura. Ɗan'uwa, jami'in iyaka ka ruɗa. Sauro bai iya karatu ba.

Na uku, kuɗi. Sefarmu tana ci a Kwatano, Lome da Abijan. Ba ita ake kashewa a Kumasi ba, can sidi ne. Kamaru da Cadi sefarsu daban take da tamu ko da darajarsu ɗaya. A rarraba kuɗi wuri biyu ko uku, a ware na komowa, a ɗauka ba naka ba ne. Sannan duk wanda ya ce maka "shiga kawai, ka biya in ka isa", ka gudu. Wannan ita ce ƙofar gidan bashi a Sabha, inda ake rufe mutum a dake shi yana kuka a waya, iyaye a nan suna sayar da gona. Bashin jikka ɗari ya koma gonar gado.

Na huɗu, ruwa da lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin hamada yana wuce digiri 45. A Disamba da Janairu kuwa sanyin dare ne ke kayar da mutum. Bido mai lita biyar ruwan wuni guda ne, ba na tafiya ba. In direba ya ce kwana uku ne, ka lissafa kwanakin da motar za ta yi a lalace inda ba rezo. Kuma tun da aka soke dokar nan ta 2015 a watan Nuwamban 2023, wadda ta sa direbobi suna bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi, motoci suna tashi daga Agadas a fili. Wanda har yanzu ya ce zai ratsa da kai ta bayan gari shi kaɗai, ka tambaye shi dalili.

Na biyar, shi ne wanda ya kawo mu: a gaya wa wani.

Mun san amsar, muna jin ta kullum a waya cikin shiri. "Ai tafiya asiri ce, in ka faɗa baki ya kama ka." To ji. Ba mu ce ka sa maroƙi ya yi shela ba. Mutum guda. Wanka, kawunka, limamin unguwa. Ka rubuta masa garin da ka nufa, ranar tashi, sunan direba, lambar mota, da wanda zai sauke ka. Ku yi alkawari: in kwana goma suka wuce bai ji ka ba, ya fara nema. Bakin wa zai kama ka a nan? Asirin da ya sa ba a san inda za a nemi gawarka ba, wa ya amfana?

Wasu su ce, "In na faɗa, tsofaffi za su hana ni." Wannan kam akwai gaskiya a ciki, kuma laifin ya hau kanmu iyaye da yayye. In duk yaron da ya kawo maganar tafiya zagi zai sha, gobe ba zai kawo ba, sai dai a ishe ɗaki wayam. Baba, in ba ka iya hana shi, zauna da shi ku yi lissafi. Gara ya tafi da albarkarka da takardarsa da ya tafi yana ɓoyo kamar ɓarawo.

Wasu su ce, "Komi na Allah ne, mai kwana ba ya mutuwa." Mun yarda. Amma mai wannan magana yana kulle babur ɗinsa in zai shiga masallaci. Yana sa kwaɗo a shago. Sai a ransa ne kawai ya tuna da tawakkali? Malamanmu ba su taɓa koya mana cewa barin dabara shi ne dogaro ga Allah ba.

Wasu kuma su ce, "Da takarda da ba takarda, duk sai ka ba da na hanya a shinge, kuma duk koro ka za a yi." Haka ne, takarda ba laya ba ce. Amma mai takarda yana da bakin magana. In aka tsare shi, ambasad ta san ɗan wace ƙasa ne. In ya faɗi, an san gidan da za a kai labari. Wanda ba shi da ita, ko sunansa sai abin da aka ga dama aka rubuta.

Sauran ku, ƴan'uwa da kuka je kuka dawo. Kun fi kowa laifi in kuka yi shiru. Ku zo da sabon babur da agogo, ku zauna fada kuna ba da labarin dinari, amma kwana nawa kuka yi ba abinci, wa kuka bisa a hanya, wannan kun haɗiye. Ƙanenku yana jin rabin labari, da rabin labarin zai tashi. Mu ma ƴan rediyo ba mu fita ba: sai an mutu muke buɗe layi, sati guda mu koma gaishe-gaishe.

Don haka ga abin da muka ɗaura wa kanmu. Duk wanda ya dawo daga Aljeriya, Libiya ko bakin teku kuma yana shirye ya faɗi labarin duka, mikro a buɗe yake, ba sai ya faɗi sunansa ba. Kai kuma mai shirin tashi bayan girbi, kafin ka sayi sakado, yagi takarda guda daga littafin ƙanenka ka rubuta abubuwan nan ka ba wanda ka yarda da shi. Ko dala ba za ka kashe ba.

Tsohuwar nan ta ce za ta dawo ƙarshen wata in ta sayar da akuyarta, a sake karantawa. Mun ce mata ta bar akuyar, za mu karanta kyauta. Amma har yanzu abin da ke cikin takardar bai wuce suna da tsawo da launin riga ba.

Allah Ya bayyana mata shi, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Amin.