Idan Jami'ar Ikko Ta Ƙi Ɗanka, Ina Za Shi?

Akwai wani maƙwabcina a Agege, mai sayar da goro, Allah ya ba shi yaro mai ƙwazo wanda tun yana firamare bai taɓa wuce na uku a aji ba. Da lokacin cika fom na JAMB ya yi, sai uban ya ce a sa Jami'ar Ikko ta farko, ta Badun ta biyu, kuma duka aikin likita. Yaro ya ci maki mai kyau, amma bai kai na masu neman likita ba. Yau shekara biyu ke nan yana tsaron rumfar ubansa.

To jama'a, ni ban ce kowa ya rage wa ɗansa buri ba. Magana ita ce gurbi na biyu, wanda yawancinmu muke cika shi da ka. Jami'ar Ikko da ta Badun ba su kiran wanda bai sa su a farko ba zuwa jarrabawar tantancewa, ba su kuma duban wanda ya kasa maki 200 cikin 400. Watau wanda ya rubuta Badun a na biyu, daidai yake da wanda ya bar wurin fayau. A 2024 yara fiye da miliyan ɗaya da dubu 800 suka zauna jarrabawar, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su kai 200 ɗin ba. Waɗanda suka haye kuwa, yawancinsu ƙofofin nan ƙalilan suke yi wa cincirindo.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu mazauna Kudu. Jami'o'in Gwamnatin Tarayya suna kasa gurabensu uku ne: kashi 45 cikin 100 na cancanta zalla, 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, sa'an nan 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilmin boko. Abin da ake dubawa kuwa jihar asali ce, ba inda aka yanke cibiya ba. Yaron da aka haifa a Sabon Badun, ya yi karatunsa duka a can, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, muddin takardarsa ta ce Katsina, ba shi da rabo a cikin kashi 35 na Badun. Yana da rabo a na 20, amma jihohi fiye da 20 ke wawasonsa. A jami'o'in Arewa ne wannan takarda take zame masa tsani.

Saboda haka ni a ganina, duk uban da ya sa wa ɗansa Ikko ta farko, lalle ya tanadi wata a gida tun kafin sakamako ya fito. Kada kuma a ce sai Zariya ko Bayero, don su ma cike suke maƙil, kuma na farko suke fifitawa. Akwai na Tarayya da aka kafa a 2011 a Dutse da Dutsin-ma da Kashere, ga kuma jami'ar jihar da uba ya fito. JAMB tana ba da damar canza makaranta da fanni bayan an ga maki. Idan makin bai kai na likita ba, a canza da wuri, domin sakamakon na shekara ɗaya ne tak, ba ya kwana.

Na san abin da iyaye mata za su ce: yaro bai san kowa a Arewa ba, ga halin da hanya take ciki, balle a ce 'ya mace ce. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. In haka ne, ga Kwalejin Fasaha ta Yaba a ƙofar gida, wadda ke nan tun 1947. Mai difloma ta shekara biyu da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wasu na jin kunyar a ce ɗansu yana foliteknik, alhali kuwa zaman rumfa bai ba su kunya ba.

Takardar shaidar asali ita ce ta fi kayar da mu. Kada a bari sai ana sauran mako guda a rufe, sa'an nan a shiga aiken direban tirela. Uba ya ɗauki yaro tun yana aji biyar na sakandare, su tafi gida, a gaida mai unguwa da dagaci su san fuskarsa, a karɓo ta a ƙaramar hukuma, a kuma tabbata sunan da ke jikinta shi ne ke kan lambar NIN da takardar WAEC, harafi da harafi.